Hayaƙin Ɗakin Zance

Sallama gare ku 'yan uwa masu bibiyata, musamman waɗanda suka cika min waya da tambayar wai da gaske ne saurayina kuka yake yi idan ya zo zance. Da gaske ne. Ku gyara zama ku ji dalili, ku kuma ji yadda wayona ya kusa cin kaina. Wanda yau ya fara leƙo mu, sunana Radiya, 'yar Malam Aƙilu mai unguwa ce ni a nan cikin garin Rogo, kuma sana'ata bin hayaƙi.

Ba wasa nake ba. Digiri na biyu nake yi a Kano, a fannin da ke bin diddigin cututtukan da muhalli ke jawo wa jama'a, ni kuma ɓangaren iska na ɗauka. Matan da ke wuni a gaban murhu suna suyar ƙuli-ƙuli da matsar man gyaɗa su ne mutanena. So nake in gano yawan hayaƙin da ke shiga ƙirjinsu, da ko shi ne ke kawo musu tarin nan da ba ya jin magani. Malaminmu ya ba ni wasu 'yan na'urori, kowacce ba ta fi sabulun wanka girma ba. Ana maƙala ta a wuyan riga, ta wuni tana shaƙar abin da mutum ke shaƙa. In iska na da kyau ta kunna kore, in ta fara gurɓata ruwan ɗorawa, in ta ɓaci ja, kuma duk abin da ta ji sai ta turo min a waya. Aibinta ɗaya, in cajinta ya kusa ƙarewa sai ta fara tsiwa, ƙit-ƙit, ƙit-ƙit, ba ta yin shiru sai an kula ta. Matan Beli, ɗaya daga cikin ƙauyukan da nake zuwa aiki, su suka raɗa mata suna Magulmaciya, don sun ƙi yarda hayaƙi kaɗai take ji. Har gobe in na maƙala wa mace ita, an daina zancen dangin miji a wannan madafar ke nan sai na cire.

Kullum da safe nakan hau acaɓa in nufi ƙauyuka, in dawo da yamma ina tashin ƙaurin itace da tsohon mai. Wannan ƙaurin shi ya hana Ummata sakat. Ƙannena mata biyu suna ɗakunan mazajensu, ɗaya har da goyo, ni kuwa duk wanda ya yi sallama da ni sau ɗaya ba ya maimaitawa. Umma ta ce ba abin da ke korarsu sai wari, wai wane ɗa namiji ne zai zauna da yarinya tana ƙauri kamar gindin tukunya. Ni dai na san abin da ke korarsu. Wani da ya zo, tambayar farko da na yi masa ita ce da itace mahaifiyarsa ke girki ko da gawayi. Wani kuma na gaya masa salansar mashin ɗinsa na cutar da duk wanda ke bayansa. Amma ban musa wa Umma ba, gardama da ita ɓata yawu ne.

Ana cikin haka Mu'az ya ɓullo. Ɗan Karaye ne, daga Unguwar Hajji, malamin lissafi a wata sakandare, mahaifinsa kuma malami ne da ake zuwa ɗaukar karatu a zaurensa. A bakin asibiti muka haɗu ranar da na je tattaunawa da masu fama da tari. Ya ce abokinsa ya rako, ni dai ban ga abokin ba, ban kuma damu in gan shi ba. Dogo ne siriri, yana son shadda ruwan toka da hula mai tangaran, in zai yi dariya sai ya sunkuyar da kai. Ya tambaye ni mece ce wannan abar a wuyan hijabina, na yi masa bayani tun daga tushe ina jiran in ga ya fara duba agogo kamar sauran. Bai duba ba. Da na gama ma sai ya ƙara wata tambayar. Jama'a, daga nan zuciyata ta miƙa wuya.

Da Umma ta ga ya dawo karo na biyu, sai ta ce wannan kam ba za a yi sakaci da shi ba. Ta aika aka kira Gwaggo Rumasa'u, ƙanwar Babanmu. In kun taɓa zuwa biki tsakanin Rogo da Karaye kuka ji ƙamshin da ya biyo ku har gida ya kwana a mayafinku, to hannun Gwaggo ne. Turaren wuta take haɗawa, hawi da sandal da farce da wasu sirrikan da ko 'yarta ba ta gaya wa ba. Ta zo ta shinshine ni daga ɗankwali har ƙafa, ta yamutsa fuska, ta ce wa Umma ta bar mata ni.

Dokar da ta kafa ita ce: duk Asabar kafin la'asar in yi wanka, in tsuguna kan kasko a lulluɓe ni da bargo har sai na yi gumi. Sannan a kai wani kaskon ɗakin baƙi da ke kusa da zaure, inda muke zance, a ja ƙofa har sai labule da kujeru da kafet sun ƙoshi. Kowa a gidan ya shiga hidimar ban da Baba. Shi dama tun muna yara ya hana a kai turaren wuta turakarsa, ya ce wannan harkar mata ce, shi ɗan almiskinsa na kwalba ya ishe shi. Madafarmu ma can ƙuryar gida ya sa aka gina ta, kusa da turken awaki, Umma na mita har yau.

Ku yi min dariya, na cancanta. Ni da nake yawo ƙauye-ƙauye ina roƙon mata su buɗe taga, ko sau ɗaya ban kawo wa raina cewa hayaƙi mai ƙamshi ma hayaƙi ne ba. Ina cikin atamfata mai ruwan ganye, an kafa min ɗauri, ina ta ƙamshi kamar amarya, ina zan tuna da wani karatu?

Mu'az zai shigo da fara'arsa, mu gaisa, ya tambayi Beli da matan Beli. Can sai in ji muryarsa ta fara yin ƙasa. Maganarsa ta koma guntu-guntu. Idonsa ya kaɗa ya yi ja, hawaye ya taru, ya riƙa kallona kamar mai son faɗin wani abu mai nauyi ya kasa. Daga nan sai ya miƙe zumbur ya ce hanya da nisa, ya fice ko lemon da na zuba bai shanye ba. Ni kuwa sai in koma ɗaki in rungume filo, ina cewa a raina Allah sarki, so ne ya shaƙe shi. Gwaggo da ke leƙe ta bayan labule takan tafa hannu ta ce, "Ya kamu. Asabar mai zuwa zan ƙara farce."

Haka ta yi ta ƙarawa, shi kuma yana ƙara saurin tafiya.

Da maganar ta fara ƙarfi, Baba ya ɗora wa ƙaninsa Baffa Ilu binciken asali da hali kamar yadda aka saba. Baffa Ilu shi ne shugaban 'yan sintirin unguwarmu, kuma a wurinsa duk saurayin da bai kai shekara arba'in ba ɗan shaye-shaye ne har sai ya kawo shaida. Ya je Karaye ya tambayi liman, ya tambayi maƙwabta, ya tambayi mai shayi, kowa sai yabo. Wannan ya ƙara masa zargi, ya ce mutumin da babu mai zaginsa akwai abin da ya iya ɓoyewa. Sai ya canza dabara. Ran Asabar ya laɓe bayan dalbejiyar ƙofar masallaci yana jiran Mu'az ya fito daga gidanmu.

Washegari da hantsi ya tara mu a tsakar gida. Baba na kan buzunsa da carbi, Umma da Gwaggo na bakin ɗaki, ni ina daga gefe ina tsince shinkafar da na riga na tsince. Baffa bai tsaya ba da labari kawai ba, sai da ya kwaikwaya. Ya nuna yadda yaron ya fito ido jajir yana layi, ya zagaya bayan katanga, ya waiga dama da hagu, ya dafa bango. Ya zaro wata 'yar aba shuɗiya daga aljihu, ya girgiza ta, ya kafa a baki ya zuƙa, ya rufe ido kamar wanda ya ga aljanna. Can sai ga shi ya wartsake garau, ya hau mashin ya tafi.

"Sabuwar ƙwaya ce, Yaya," in ji Baffa. "Ba a haɗiya, zuƙa ake yi. Ni na san su."

Umma ta dafe ƙirji tana salati. Gwaggo ta ce ashe ba turarenta ba ne ke sa shi kuka, har da 'yar ƙwalla don takaici. Ni kuwa tun Baffa bai gama girgiza hannu ba na gane ko mece ce shuɗiyar abar, don na sha ganinta a hannun marasa lafiya. Amma 'ya mace ba ta tsalle ta kare saurayi a gaban iyayenta maza, kuma ina so in ji daga bakinsa tukuna. Na saci kallon Baba. Kansa na ƙasa, carbin ya tsaya a hannunsa. Sannan ya ce a kira yaron ran Juma'a bayan la'asar zai ba shi haƙuri. Ya ce ba a zaure ba, don zaurensa ba ya rabo da masu rikicin gona da masu neman sa hannu, a ɗakin baƙi za su zauna don a rufa wa ɗan mutane asiri.

Na shige ɗaki na jawo waya. Sai na tuna ran Asabar ɗin akwai Magulmaciya ɗaya da na manta a kunne cikin aljihun jakata, jakar kuma na shiga da ita zance. Na buɗe abin da ta turo. Layin ya taho a kwance lafiya lau, yana zuwa daidai la'asar ya miƙe tsaye kamar an taka wutsiyar maciji. Duk madafan da na auna a Beli, har da na masu suya da robar takalmi in itace ya jiƙe, babu wanda ya kai ɗakin zancena. Kunya ta kama ni ni kaɗai a ɗaki.

Na rubuta masa: "Asma gare ka?"

Na ga ya karanta. Na ga yana rubutu, ya goge, ya sake, ya goge.

"Wa ya gaya miki?"

"Baffa Ilu. Sai dai shi cewa ya yi ƙwaya kake zuƙa."

"Gara hakan."

Na zuba wa kalmomin nan biyu ido, ban san dariya zan yi ko kuka ba. Na tambaye shi me ya hana shi cewa turaren na damunsa. Ya ce ta yaya zai shiga gidan da yake neman aure ya ce ƙamshinsu ya ishe shi, ai gara ya mutu a kan kujerar da mutuncinsa. Daga nan ya turo saƙon murya mai tsawo. Ashe an taɓa sa masa rana da wata yarinya, har an fara ɗinkin lefe, sai danginta suka ji yana da asma. Suka dawo da kaya, suka ce ba su haifi 'ya don ta tafi jinya ba. Tun daga ranar bai ƙara bari wani ya ga abin shaƙarsa ba, inhela ke nan, ko abokan aikinsa. Ya roƙe ni don girman Allah kada in faɗa wa kowa, ya ce in aka kore shi da sunan ɗan ƙwaya ya san ƙarya ce zai iya ɗauka, amma ba zai iya sake jin waccan maganar ba. Tausayi ya rufe min ido, na yi masa alkawari kafin in yi tunani.

Kun ga inda na tsaya ke nan. In na yi shiru, Juma'a a sallame shi. In na yi magana, na ci amana. Kuma ni, wallahi, ina son mutumin nan.

A nan ne shaiɗanin karatu ya raɗa min dabara. Mu a aikinmu, in kana so ka nuna abu kaza ne ke kawo alama kaza, sai ka nuna duk wanda ya shaƙe shi alamar na fito masa. Hujjar Baffa ita ce jan ido da hawaye da layi. To in shi ma Baffan ya zauna a ɗakin idonsa ya yi ja a gaban Baba, sai ya gaya mana wace ƙwaya ya zuƙa. Maganar shuɗiyar aba kuma na bar wa Allah, na ce in rabin hujja ya faɗi sauran ma zai yi rawa.

Ran Juma'a da safe na je na durƙusa gaban Gwaggo da fuskar marainiya. Na ce tunda yau ce ranar ƙarshe, ina so ya tafi da ƙamshin gidanmu a jikinsa. Ta ce ita ta yi rantsuwa ba ta ƙara ɓata turarenta a kan ɗan ƙwaya. Sai na sunkuyar da kai na ce shi ke nan, dama na ji Baffa Ilu na cewa turaren nata ya huce, wai yanzu na wata mata a Karaye ake yayi.

Gwaggo ta ajiye ludayin kokonta a hankali.

"Ilun ne ya faɗa?"

"Ni dai Gwaggo kada ki ce ni na gaya miki."

Allah Ya yafe min, Baffa bai san an yi ba. Kafin a sauko daga masallaci Gwaggo ta hura gawayi, ta fito da wata kwalba da ban taɓa gani ba daga ƙasan adakarta. Kasko uku ta jera a ɗakin baƙi, ɗaya a bayan kowace kujera. Da ta fita, na lallaɓa na shiga ina toshe hanci da hijabi. Na ja tagar na sa mata sakata, na cusa tsumma a inda ta ɗan buɗe. Na ɗauki Magulmaciyar da ta fara zuwa hannuna, wadda ta wuni a Beli jiya, na ɓoye ta a bayan agogon bango don in sami shaida a rubuce. Wuta ma babu, balle fanka ta kawo agaji. Sai na tura wa Mu'az saƙo: ya sha maganinsa kafin ya shigo, ya zauna dab da ƙofa, kada ya tambaye ni dalili.

Bayan la'asar suka shiga. Ni da Gwaggo muka maƙale a lungun da ke bayan labule, inda ta saba leƙenta. Na ga Baba ya ɗan tsaya a bakin ƙofa kamar zai juya, amma baƙo na bayansa, sai ya daure ya wuce can ciki ya zauna. Mu'az ya durƙusa kusa da ƙofa cikin farar shadda, kansa a ƙasa. Na duba waya, layin har ya fara hawan dutse.

Baffa Ilu ne ya buɗe taro. Ya fara da tarbiyya, ya gangaro kan lalacewar matasan zamani. Bai yi nisa ba ya yi gyaran murya. Ya sake yi. Ya ce a zamaninsu, sai tari ya sarƙe shi. Ya goge ido da hannun riga, ya ce shi da ya ga jan ido ya san, sai atishawa. Na leƙa, idon Baffa ya yi jajir kamar gauta, hawaye na bin gemunsa, yana nuna Mu'az da yatsa yana neman numfashin da zai ƙarasa zargi. Na cusa hijabi a baki don kada dariyata ta fito. Gwaggo ta zungure ni tana raɗa, "Ya huce, ko? Ya ji hucewa."

Baffa ya samu ya ce, "Yaya, sai ka yanke."

Baba bai yanke ba.

Abin da na ji maimakon muryarsa wani siririn sauti ne, fiii, fiii, kamar iska na bi ta ramin ƙofa. Na san sautin nan. Na sha jinsa a layin asibiti, na sha rubuta shi a bayanan matan Beli. Dariyar ta mutu a bakina. Na ɗaga labulen gaba ɗaya. Baba ya tura hularsa baya, ya dafa gwiwoyinsa da hannu biyu, kafaɗunsa na ɗagawa suna sauka, bakinsa a buɗe amma iskar ta ƙi shiga. Idonsa ya sauka a kaina, ban taɓa ganin tsoro a idon mahaifina ba sai ranar.

Baffa ya ruɗe yana kiran a kawo ruwa, a kawo tofi. Na faɗa ɗakin na nufi taga, sakatar da na sa da hannuna ta ƙi zaruwa, sai da na fasa farce. Gwaggo ta sure kasko da hannu tana ihu ta yi waje da shi. Mu'az ya banƙare ƙofa, shi da Baffa suka tallabo Baba zuwa bakin zaure inda iska ke kaɗawa, suka zaunar da shi. Sautin bai daina ba, sai ma ƙaruwa.

Na ga Mu'az ya kalle ni. Ya kalli Baffa. Sannan ya sa hannu a aljihu.

"Ga ta nan," in ji Baffa yana haki. "Ita ce. A gabanmu ma za ka..."

Ya kai hannu zai ƙwace, amma wani hannun ya riga shi. Baba ne. Ya fizgi shuɗiyar abar, ya cire murfin da babban yatsa, ya girgiza ta, ya fitar da ɗan numfashin da ya rage masa, ya kafa a baki ya danna ya zuƙa. Ya riƙe numfashi yana lissafi da yatsunsa a kan gwiwa. Ya saki, ya jira, ya sake. Babu wanda ya koya masa. Ni da nake koya wa mutane yadda ake amfani da ita, ban taɓa ganin wanda ya iya kamar haka ba.

Muna nan tsaye sai ga Umma a guje, mayafi a karkace, ta manta da wata kunyar baƙo. A hannunta akwai irin ta Mu'az sak, sai dai wannan launinta ya koɗe don daɗewa a aljihu. Ta ga abin da ke hannun Baba, ta ga mu duka, sai ta ɓoye hannunta a bayanta kamar yarinyar da aka kama da nama.

A hankali sautin ya lafa. Aka shimfiɗa tabarma a inuwa, Baba ya jingina da bango. Ni ina rakuɓe jikin ƙofa. Turaren da ya hana a kai masa, madafar da ya kai ƙuryar gida, tafiye-tafiyen da yake yi Kano shi kaɗai ya ce taro ne, duk suka dawo min lokaci guda. Na auna ƙirjin matan ƙauye guda-guda, na san wadda ke tari da asuba da wadda ke yi da yamma, amma ban taɓa sauraron numfashin mutumin da ya haife ni ba. Kuma ni ce na rufe masa taga.

"Ilu," in ji Baba, muryarsa a dushe. "In wannan ce ƙwayar, da ni za ka fara. Tun Radiya na goye nake shanta."

Baffa ya goge fuska da hannun riga. Idonsa har lokacin bai washe ba.

Baba ya ce mai unguwa ba ya so a ce numfashinsa gajere ne, masu jiran kujerarsa ba su da aiki sai sauraro, shi ya sa daga shi sai Umma suka sani. Ya juya abin shaƙar a hannunsa, ya miƙa wa Mu'az da hannu biyu.

"Ranar da Ilu ya zo da labarinka na san ko mece ce. Na zaɓi in kore ka da in buɗe bakina. Kai kuma yau ka zaɓi ka tona kanka da ka bar ni a haka. Ka gaishe da Malam mahaifinka, ka ce ya turo manya."

Mu'az ya kifa kai a tabarma, kafaɗarsa na rawa. Wannan karon kukan na gaske ne, kuma babu hayaƙi a wurin. Na ji wani sanyi ya ratsa ni har na manta da farcena da ke jini. Gwaggo kuwa ta zube gefe tana rusa nata kukan, tana hura tafin hannunta da kasko ya ƙona, tana cewa ta kusa kashe ɗan'uwanta saboda Ilu ya ce turarenta ya huce.

"Ni?" in ji Baffa. "Yaushe na faɗa?"

Na fara ja da baya a hankali.

"Daina kuka, Rumasa'u," in ji Baba. "Turarenki na san shi, na kuma san ba kya rufe taga in maza za su zauna. Abin da ban sani ba shi ne wanda ya sa mata sakata har da cusa tsumma."

Wurin ya yi tsit. Ko awaki ba su motsa ba. Ina addu'a a raina ƙasa ta tsage, sai daga cikin ɗakin baƙi, daga bayan agogon bango, wata 'yar murya ta ɗauka.

Ƙit-ƙit. Ƙit-ƙit.

Matan Beli sun yi gaskiya, ba hayaƙi kaɗai take ji ba.

Baba ya ce, "Ilu, kai ne mai bincike. Shiga ka ɗauko min abin da ke kuka."

Baffa ya fito riƙe da ita da yatsa biyu, jan fitilarta na ƙiftawa, ga sunana da na rubuta da jan biro a bayanta ɓaro-ɓaro. Mu'az ya ɗago da sauri ya fara cewa ai shi ne ya ajiye ta, Baba ya ɗaga masa hannu.

"Kai na riga na ba ka mata, kada ka fara da ƙarya. Ni da 'yata ne ba mu gama ba."

Ya gyara hularsa, ya nuna min gefen tabarma, daidai tsakanin Gwaggo da Baffa, waɗanda duk suka daina kuka suna kallona.

"Radiya, taho da wayarki. Zauna ki yi mana bayanin binciken nan naki tun daga tushe."